Lalle ne ko rumman? Muhawara a zauren masu lambu na Sakkwato

Uwargida Mabera: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga hoton wani ɗan icce da ya fito da kansa a gindin katanga, kusa da inda ruwan wanke-wanke ke bi. Tsawonsa ya kai kamu ɗaya. Ganyensa ƙanana ne, biyu-biyu suna fuskantar juna, reshen kuma in an murza shi tsakanin yatsu ba mulmulalle ba ne, kamar mai kusurwa huɗu. Bai yi fure ba tukuna. Mene ne shi? In abin amfani ne ina son a koya mini yadda ake samun irinsa da yawa, a yi shinge da shi.

Mai Fulawa: Wa alaikumus salam. Hajiya, rumman ne wannan. Ganye biyu-biyu, reshe mai kusurwa huɗu, ga shi kuma a inda ake zubar da ragowar abin da aka sha. Ki bar shi ya girma.

Baba Kwalkwalawa: A'a ɗana, kada ka yi saurin yanke hukunci. Lalle ma hakanan shike. Ganye biyu-biyu, reshe mai kusurwa huɗu tun shina ɗanye, in ya tsuhwa kuma bakin reshen shi koma ƙaya. Ni dai wanga lalle na.

Malamar Tsirrai: Baba da Mai Fulawa kowa na da hujja, domin lalle da rumman dangi ɗaya ne a wurin masana tsirrai, dangin da ake kira Lythraceae. Shi ya sa suke rikita mutane kafin su yi fure. Da akwai fure da magana ta ƙare: na rumman babba ne ja, na lalle 'yan mitsi-mitsi ne farare a dunƙule, masu ƙamshi. Tunda babu, Hajiya ki duba sabon toho. Na rumman ja-ja yake fitowa yana sheƙi, sai ya kwana biyu ya koma kore. Sannan ki duba siffar ganyen. Na rumman dogo ne siriri, bakinsa a dakushe. Na lalle ya fi faɗi a tsakiya, ya tsuke wajen gindi da wajen baki, bakin da ɗan tsini, kuma kusan manne yake da reshe.

In duk wannan bai raba gardama ba, ki tsinki manyan ganye kamar 10 daga ƙasa, ki murje su da ɗigon lemun tsami, ki ɗora a farce ɗaya ki ɗaure da leda awa 2. Lalle zai bar ruwan goro da ba ya fita da sabulu. Rumman ba abin da zai bari sai ɗan kore-koren da wanki ɗaya zai tafi da shi.

Gwaggon Yara: Malama, ina jin tsoron kada wani ya karanta wannan ya ɗauka kowane ganye ake murjewa a ɗaura a jiki. Gidajenmu cike suke da yara.

Malamar Tsirrai: Gaskiyarki Gwaggo, kuma gara da kika faɗa. Na ba da wannan gwajin ne don mun riga mun taƙaita abin tsakanin itatuwa biyu da ba sa cutarwa. Tsiron da ba a sani ba sam, ba a ɗanɗana shi, ba a shafa shi. Abu na farko shi ne a karya ganye ɗaya daga gindinsa a ga me zai fito. In farin ruwa ne kamar nono, a tsaya nan, a wanke hannu. Tumfafiya da aguwa duk haka suke, kuma ruwansu in ya shiga ido yana iya yi masa lahani. In ya shiga, a yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti 15, sannan a tafi asibiti.

Amma rashin nono ba shaidar lafiya ba ce. Zurma ba ta da nono, 'ya'yanta kuwa guba ne, ga su da zane mai jan hankalin yaro. Ana gane ta da faffaɗan ganye mai kama da tafin hannu a buɗe, sandar ganyen kuma ba a gefe take kama shi ba, daga ciki take. Cin-da-zugu ruwansa garai-garai ne mai danƙo, 'ya'yansa na sa amai da gudawa mai tsanani. Zaƙami kuwa furensa kamar kakaki, ɗansa dunƙule mai ƙaya, kowa ya san abin da yake yi wa hankali. Waɗannan ukun suna yawan fitowa da kansu a inda aka zuba shara ko taki, kuma tun suna ƙanana ya kamata a tuge su in gidan akwai yara.

Ɗan Wurno: To ni abin da ke ɗaure mini kai, duk lokacin da aka zuba takin awaki a lambu sai wasu 'yan ƙayoyi masu ganye siri-siri su cika wurin. Daga ina?

Malamin Gona: Daga cikin akuyar. Ta ci kwanson bagaruwa ko na gawo, ƙwayar ba ta narkewa, sai dai ɓawonta ya yi laushi a cikin tumbi, ta fito cikin kashi a shirye take ta tsira. Ka riƙe wannan, domin shi ne asirin shuka irin waɗannan itatuwa, za mu dawo kansa. Rarrabe su kuwa ta ƙaya ake yi. Bagaruwa ƙayarta biyu-biyu ce, miƙaƙƙiya, fara-fara. Dakwara ƙaya uku take yi a wuri ɗaya, gajeru, ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa, na gefe suna kallon sama. Gawo reshensa fari-fari ne, yana tafiya a karkace daga gaɓa zuwa gaɓa. Sai dai a watan farko duk kamarsu ɗaya, a ba su lokaci su fitar da ƙaya.

Mai Fulawa: Yanzu fa wahalar ta ragu. Ka ɗauki hoto da manhajar waya irin Google Lens ko PlantNet, nan take ya ba ka suna.

Malamar Tsirrai: Yana taimakawa, ban musa ba, musamman a kan fulawoyin ado da ake shukawa ko'ina a duniya. Amma sunan da ya bayar zato ne, ba hukunci ba. Itatuwan dajinmu irin su sabara da geza da anza hotunansu ba su kai na fulawar Turai yawa a cikin waɗannan manhajoji ba, don haka sai ya ɗauko wani ɗan uwansu na Indiya ko Amurka ya ba ka. In ya ba da suna, a nemi bayanin wannan sunan, a gwada shi da iccen da ke gabanka gaɓa-gaɓa. In abu ɗaya ya saɓa, ba shi ba ne.

Kuma yawancin hotunan da ake turowa zauren nan ganye ɗaya ne a tafin hannu. Ba ya isa. A turo iccen gaba ɗaya da wani abu a gefensa da zai nuna girma, ko da takalmi ne. A turo reshe yadda za a ga zaman ganyen, ko suna fuskantar juna ko suna bin juna ɗaya bayan ɗaya. A juya ganyen a ɗauki bayansa, domin can shaida take ɓuya. Sabara bayan ganyenta akwai ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Magarya bayan ganyenta fari ne mai gashi-gashi kamar auduga, kurna kuwa bayan nata kore ne sumul, alhali ta gaba dukansu jijiya uku ce ta taso daga gindin ganye, ƙayarsu ma iri ɗaya, ɗaya miƙe ɗaya lanƙwashe. Sai fure da 'ya'ya in akwai, a kuma faɗi abin da hoto ba ya ɗauka: wari, da ruwan da ya fito da aka karya.

Wari ma babbar shaida ce. Tafasa da rai-ɗore mutane na haɗa su. Tafasa ganyenta tagwaye uku ne, bakinsu a zagaye. Rai-ɗore tagwayensa sun fi yawa, bakinsu da tsini, in ka murza kuma warinsa ya fi ƙarfi. Tunda tafasa ana cin ta, wannan bambanci ba na wasa ba ne.

Ɗan Wurno: In duk an yi wannan ba a gane ba fa, Malama?

Malamar Tsirrai: A yanko reshe mai tsawon taƙi ɗaya da rabi, da fure ko 'ya'ya a jikinsa, a shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, a juya ganye ɗaya ko biyu bayansu ya kalli sama, a danne da katako da dutse. A canja jaridar kullum har kwana 4 ko 5, in ba haka ba zai yi baƙi ya yi fumfuna. A rubuta inda aka samo shi da ranar da launin furen, don launi yana gushewa. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da ma'ajiyar busassun tsirrai inda ake gwada irin wannan da waɗanda aka riga aka tantance. Kafin a kai can ma, a nuna wa makiyayi ko mai maganin gargajiya na kasuwa. Sau da yawa kallo ɗaya za su yi. Abin lura dai, sunan Hausa yana canjawa daga gari zuwa gari. Abin da muke ce wa sure, a Kano yakuwa ne.

Uwargida Mabera: Jama'a, farce ya yi ja. Na wanke da sabulu bai fita ba. Baba, ka yi gaskiya.

Mai Fulawa: Na sallama, Baba. Allah ya ƙara girma.

Baba Kwalkwalawa: Amin ɗana. To ɗiyata, tunda lalle na, sai maganar iri. Wanga naki bai isa ba da ɗiya ba, sai ki nemi babban icce. Ɗiyan lalle 'yan ƙanana na kamar ƙwarar wake, a dunƙule bisa kan reshe. Kada ki ɗebi kore. Ki bari sai sun bushe sun yi ruwan ƙasa, ki murje su cikin hwaranti, ki sheƙe. Kowace ƙwara ɗaya tana da iri da yawa ciki, masu kusurwa-kusurwa. In an ka watsa shi a bushe hakanan, kaɗan ka hita. Sai an jiƙa shi kwana 5 har 7, kullum a zubar da ruwan a sa sabo. Ruwan zai yi ja-ja, to abin da ka hana shi tsira na ka hita. In ba a canja ruwan ba, shi yi tsami, irin shi ruɓe. Bayan nan a ƙulle shi cikin tsumma mai laima, a aje inuwa wuri mai ɗumi, ana yayyahwa mai ruwa sahe da marece. Da kin ga baki ya hwara hwashewa hwari-hwari, lokacin shuka ya yi.

Malamin Gona: Ƙari a kan maganar Baba. Irin lalle ƙanana ne ƙwarai, kuma binnewa ce ke kashe shi. A gauraya shi da busasshen yashi, kashi 1 na iri kashi 4 na yashi, don ya watsu daidai, a barbaɗa a kan fangali ko tsohon baho mai huji, a rufe da yashi ɗan siriri yadda da ƙyar zai ɓoye shi. Ban ruwa da bokiti mai kan rariya, ko a huda murfin gora da allura. In aka kwarara da buta, ruwan zai kwashe irin ya tara shi a kusurwa ɗaya. Da sun yi ganye 4 zuwa 6 sai a ɗaga su da ɗan tsinke, da ƙasar gindinsu, a mayar cikin leda ɗaya-ɗaya, da yamma.

Ƙa'idar zurfi ga kowane iri: kaurinsa sau biyu. Zogala santimita 2, magarya da bagaruwa 1 zuwa 1 da rabi, lalle kuwa kusan a sarari.

Mai Fulawa: Ni fa ina ganin wahala ce. A yanko reshen lalle mai kaurin fensir, taƙi ɗaya, a soka rabinsa a ƙasa mai laima, ya kama. Me ya kai mutum jiƙon kwana bakwai?

Malamin Gona: In guda biyar kake so, hanyarka ta fi. Amma shinge ake magana. A ce katangar mita 10 ce, a jera layi biyu a saɓe, tsakanin kowane da ɗan uwansa santimita 40. Guda 50 ke nan, a ƙara 10 ko 15 na cike gurbi. Yanko reshe 65 masu kyau sai an yi wa iccen wani aski. Na biyu kuma, wanda ya tashi daga iri yana da uwar saiwa mai nutsawa ƙasa, na reshe saiwarsa a sama take bazuwa. A garin da ruwan sama ke ɗaukewa wata bakwai ko takwas, wannan bambancin yana nunawa a bazara ta farko.

Amma akwai waɗanda ba a wahalar da kai da irinsu. Aguwa reshe ake sokawa, a ƙarshen rani kafin ruwa ya sauka, bayan an bar bakin yankan ya bushe kwana biyu. Shuwaka ma reshe. Boganbiliya ma haka.

Ɗan Wurno: Nawa shingen na gona ne, awaki nake son tsarewa. Magarya da bagaruwa nake so, amma mutane na cewa sun shuka wata guda shiru.

Malamin Gona: Ciwonsu ba ɗaya ba ne, maganinsu ma ba ɗaya ba. Bagaruwa ɓawon ƙwayarta ne ba ya barin ruwa ya shiga. Da farko ka zuba irin a ruwa ka kwashe wanda ya taso, ka duba masu ɗan huji, ƙwaro ya riga ya cinye cikinsu. Sannan ka tafasa ruwa, ka sauke daga wuta, ka zuba a kan irin, ruwan ya ninka irin kamar sau 5 zuwa 10, ka bar shi ya huce a ciki har kwana ɗaya. Washegari waɗanda suka kumbura ka shuka su a ranar, kada su sake bushewa. Waɗanda ba su kumbura ba ka maimaita musu. Kuskuren da ake yi shi ne barin tukunyar a kan wuta da irin a ciki, sai a dafa shi.

Baba Kwalkwalawa: Ni ruwan zahi bai kwanta mini ba in irin kaɗan na. Abin yanke akaihwa ya hi. Ka ɗan ɓalli ɓawon ta bayan ƙwarar, nesa da cibiyarta, daidai yadda za ka hango hwari ciki, ka jiƙa ruwan sanyi dare ɗaya. Kusan duka za su kumbura. Ta wajen cibiya saiwa ka hitowa, in ka yanke nan ka kashe shi. Gawo da kalgo duk hakanan a ka yi musu.

Malamin Gona: Haka ne Baba, in ɗari ne ko ɗari biyu. In dubu ne hannu zai gaji. Sai dai a kiyaye da dakwara, ita ɓawonta ba shi da tauri irin na bagaruwa. Sabon irinta ruwan sanyi ya ishe shi, awa 12 zuwa 24. Ruwan zafi na iya kashe shi.

Magarya da kurna kuwa, abin da mutane ke shukawa ƙwallo ne, irin yana ciki. A jiƙa 'ya'yan a wanke naman tas, a shanya ƙwallon. Mai son tacewa ya narka gishiri kamar giram 170 a lita ɗaya ta ruwa, ya zuba ƙwallayen, wanda ya taso fanko ne, wanda ya nutse a ɗauraye shi da ruwan daɗi. Sai a kwantar da ƙwallon a kan dutse a ɗan buga da ƙaramar guduma, ba da ƙarfi ba, har ya tsage. Za a samu ƙwaya ɗaya ko biyu, masu sheƙi ruwan ƙasa. Wadda ta fashe a yar. Wadda ta fito lafiya tana tsira cikin sati ɗaya zuwa biyu, alhali ƙwallon da ba a fasa ba yana iya wuce wata, ya fito ɗaya yau ɗaya jibi.

Ɗan Wurno: Na ji wasu na cewa a jiƙa irin a ruwan batir.

Malamin Gona: Ka bar shi. Masu bincike suna amfani da asid mai ƙarfi a ɗakin gwaji, da safar hannu da tabarau da agogo. Ba aikin tsakar gida ba ne, kuma ruwan zafi da abin yanke farce suna biyan buƙata.

Uwargida Mabera: Manyan magaryar nan da ake sayarwa masu kama da ƙaramar tuffa fa? In an shuka ƙwallonsu za a samu irinsu?

Malamar Tsirrai: Ba tabbas, Hajiya, kuma yawanci ba a samu. Waɗannan irin Indiya ne, kamar Gola da Umran da Seb, kuma aure ake yi musu: a reni magaryarmu ta gida daga iri, in ta kai kaurin fensir a ɗaura mata reshe ko idon babbar. Rumman ma haka, yana tsira daga iri in an wanke jan naman da ke jikinsa, amma zaƙin uwar ba dole ya biyo shi ba. Mai son rumman na sha ya nemi reshen iccen da ya ɗanɗana.

Wani abin kuma da ke sa a zargi hannu alhali laifin iri ne: ba kowane iri ke jure ajiya ba. Bagaruwa da gawo suna shekaru in sun bushe an rufe su a kwalba. Dogon yaro kuwa 'yan makonni ne, a tsince shi ya nuna rawaya, a wanke, a shuka cikin sati biyu. Anza ma ba ta son bushewa. Kariya, wadda masu fulawa ke sayarwa don kumburarren gindinta, sabon irinta yana fita cikin kamar sati ɗaya, tsoho kuwa sai a yi ta jira. Kafin a cika leda ɗari, a gwada: ƙwaya 50 a cikin tsumma mai laima, bayan an yi musu abin da ya dace da su. In 20 suka tsira, kashi 40 cikin 100 ke nan, sai a sa uku-uku a kowace leda. In sun haura ƙwaya 40 cikin 50 ɗin, ɗaya ko biyu ta isa.

Mai Fulawa: Kariya kam sana'ata ce. Kwansonta biyu ne kamar ƙaho, a ɗaure shi da zare kafin ya fashe, in ba haka ba iska ta kwashe irin. A cire gashin da ke bakinsa biyu, a kwantar da shi a kwance, yashi ya fi yawa a ƙasar. Kuma sai wadda ta tashi daga iri ke yin wannan gindin sosai. Gwaggo, ita ma ruwanta guba ne, a ɗora ta inda yaro ba ya kaiwa.

Gwaggon Yara: Na gode ɗana. To ƙasar da ake cika ledar fa? Mutane ɗebowa kawai suke yi daga bakin titi.

Malamin Gona: Haɗin da na fi yarda da shi a nan: kwanon sarki 2 na ƙasar jigawa, 1 na ƙasar fadama da aka farfasa, 1 na ruɓaɓɓen taki, a tankaɗe da rariyar magina. Gwajinsa, ka jiƙa kaɗan ka dunƙula a hannu. In ya ƙi dunƙuluwa yashi ya yi yawa, ruwa zai wuce ya bar tsiron, kuma ranar dashe ƙasar za ta zube ta bar saiwa tsirara. In ya dunƙulu ka taɓa da yatsa bai wargaje ba, laka ta yi yawa, za ta ƙame kamar bulo. Taki kuwa sai wanda ya huce, baƙi, mara wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, ɗanyen na shanu yana kiran gara.

Baba Kwalkwalawa: Ga lalle da kariya ni ba ni sa laka ko kaɗan. Yashin gulbi biyu, taki ɗaya. Laka ita ka kawo ruɓewar gindi.

Malamin Gona: Ga kariya na yarda. Ga lalle ina nan kan bakata, Baba, saboda ranar dashe. Ruɓewar gindi kuwa ba laka kaɗai ke kawo ta ba. Ita ce wadda za ka ga tsiro lafiya lau da yamma, da safe ya kwanta, gindinsa daidai bakin ƙasa ya sirance ya yi ruwa-ruwa. Fumfuna ce da ke cikin ƙasa, tana samun dama in an cika shuka a matse, an cika ruwa, inuwa ta yi duhu, iska ba ta ratsawa. Wanda ya kwanta ba ya tashi. A cire shi da ƙasar gindinsa, a rage ruwa, a buɗe rumfar da ke yi musu inuwa, a barbaɗa busasshen yashi a saman sauran. Zogala tana da saurin kamuwa.

Leda kuma a nemi baƙa mai tsawon santimita 20 zuwa 25, a huda ta wuri 6 ko 8 a ƙasa da gefe. Ledar fiya wata tana yi wa lalle na ɗan lokaci, amma ta yi wa magarya da bagaruwa gajarta. Uwar saiwar za ta kai ƙasa ta naɗe kamar gammo, kuma iccen da ya tashi da naɗaɗɗiyar saiwa ba ya sakewa. Duk sati biyu a ɗaga kowace leda a yanke saiwar da ta ɓullo ta huji. In aka bari ta kama ƙasa, ranar ɗauka za a tsinke ta da yawa, tsiron ya yi yaushi.

Ɗan Wurno: Wane wata ya kamata a fara?

Malamin Gona: Ka ƙirga da baya daga ranar dashe. A nan ruwa bai cika zama sosai ba sai Yuli, kuma zuwa ƙarshen Satumba ya fara sallama, don haka dashe a tsakiyar Yuli ya fi, iccen ya samu wata biyu yana sha. Magarya da lalle suna son wata 4 a leda, ke nan tsakiyar Maris. Bagaruwa da dakwara wata 3 zuwa 3 da rabi, farkon Afrilu. Zogala sati 6 zuwa 8 ya ishe ta, ko ma a shuka ta kai tsaye a rami.

Mai Fulawa: Malam, Maris da Afrilu a Sakkwato? Zafin da ke wuce digiri 40? Baƙar leda tana dafa saiwa. Ni na fi son a shuka a Oktoba ko Nuwamba.

Malamin Gona: Wanda ya shuka a Nuwamba zai yi wata takwas yana ban ruwa kafin damina, saiwa ta cika leda, ga sanyin Disamba da Janairu yana tsayar da girman lalle. Ga mai famfo a gida kamar Hajiya, wanda zai dasa duk lokacin da ya ga dama, ba laifi. Ga gona kuwa bazara ce dole, sai dai a yi mata shiri. Rumfar zana ko karan gero mai tsayin ƙirji, mai barin rana tana ɗigowa, kada ta zama ɗaki. A haƙa wurin ya yi zurfin rabin leda a jera su ciki, layin waje kuma a tura masa ƙasa, don shi rana ke duka. Ban ruwa safe da yamma, kamar lita 10 ga leda 100 kowane karo, amma yatsa ne alƙali: in gaɓa ɗaya ta shiga ta ji laima, a dakata. Ruwan da ya wuni a baƙin tanki a bar shi ya huce. In aka ga farin abu kamar kanwa a saman ledar, bakin ganye yana ƙonewa, gishirin ruwan rijiyar burtsatse ne ya taru. Sau ɗaya a sati a ba su ruwa mai yawa har ya zubo ta huji, ya wanke shi.

Saura sati 3 dashe a fara zare zanar kaɗan-kaɗan, a rage ruwa, har su iya wuni a rana.

Baba Kwalkwalawa: Kada a mance da ƙadangaru da ɓeraye. Bazara ba kore ko'ina, tsiron da yat taso yau da sahe kahin azahar an gutsure shi. Tsohon gidan sauro a lulluɓe, a danne bakinshi da ƙasa. Gara kuwa toka a gindin leda, kuma kada a bar karan rumhwa shina taɓa su.

Uwargida Mabera: Ranar dashen fa, Baba? Kuma yaushe zan fara yi masa aski don ya cika?

Baba Kwalkwalawa: Da marece, bayan ruwan da yaj jiƙa ƙasa ya wuce taƙi. Tunda shinge na, ki sa a gina kwari ɗaya dogo, zurhin taƙi biyu, a gauraya ƙasar sama da taki a maida. A yanke gindin leda kaurin yatsa da wuƙa mai kaihi don naɗaɗɗiyar saiwa ta tahi, a tsaga gehe, a cire ledar duka. Bakin ƙasar leda shi zo daidai da bakin ƙasar wuri, kada a binne wuyan icce. A taka gehe, a ba shi ruwa nan take. Ki ja da shi baya ga katanga kamar kamu ɗaya, don siminti shina aje zahi har dare. In ya kama ya kai gwiwa, ki datse kanshi ki bar taƙi ɗaya da rabi. Za ki ji tausai, amma nan na za shi yi rassa tun daga ƙasa. In kin ƙyale shi, sanda ɗaya za shi yi, ƙasa ta zama ƙohwa ga kaji.

Ɗan Wurno: Magaryar shinge ma a datse ta haka?

Malamin Gona: Ita ma, amma sai damina ta biyu. Tazararta santimita 50, kuma shekarar farko sai ka kewaye ta da busasshiyar ƙaya, don akuyar da kake son tsarewa ganyen magarya ne abincinta.